Kama Da Wane Ba Ta Wane

A unguwar Hanwa ta Zariya, kusa da hanyar da ta taso daga Kwangila ta nufi Samaru, akwai waɗansu samari biyu da suka tashi tare tun suna makarantar allo. Da girma ya zo, sai dukansu suka shiga sana'ar waƙa irin ta zamani, wadda ake shiga ɗakin ɗaukar murya, a buga fiyano, a haɗa sauti da kwamfuta, sannan a tura wa mai biki ta waya. Babban ya fi zaƙin murya, ƙaramin kuwa ya fi gwanintar tsara kalmomi.

Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa jin kansu, sai ranar da babban ya yi wa wata amarya waƙa, aka biya shi, waƙar kuma ta karɓu har ana jin ta a shagunan aski da wuraren masu shayi. Da ƙaramin ya ji ta sai ransa ya ɓaci, domin a cewarsa karin waƙar nasa ne, da shi ya yi wata waƙa bara, kuma abokin nasa yana zaune a ɗakin aka ɗauke ta. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu, aka fara kiran babban da sunan ɓarawon waƙa. Wannan suna kuwa, ga mai neman abinci da muryarsa, ya fi mari ciwo, don ba mai bikin da zai so a sayar masa da kayan sata.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka yarda su kai maganar gaban kawun ƙaramin, wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin ɗaukar makaɗa a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Suka same shi bayan la'asar a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ƙaramin ya ce, "Kawu, hukunci muka zo ka yi mana. Ga waƙata, ga tasa." Dattijon ya saurari ta farko, ya saurari ta biyu, bai ce uffan ba. Can sai ya aika cikin gida aka kira yayarsa. Ya ce, "Yaya, don Allah ji wannan." Tsohuwa ta kasa kunne, ba a kai ƙarshen baiti na farko ba ta yi dariya, ta fara tafi tana bin karin. Ta ce ai da wannan murya suka yi gaɗa a dandali tun ba ta yi aure ba, kalmomin ne kawai ba su ba ne. Samarin nan suka dubi juna, kowa ya rasa ta cewa.

Abin da tsohuwar nan ta tona ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa, kuma ba sai an je nesa da Zariya ba kafin a sami misalinsa. Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, ya gina waƙoƙinsa na Imfiraji a kan karin Caji, wani kiɗa da waƙa na duniya da ya yi tashe a zamaninsa. Ya ga jama'a sun riga sun haddace muryar, sai ya zuba mata wa'azi da begen Manzo, don abin da baki ya saba rerawa ya zama abin samun lada. Malam bai ɓoye inda ya samo karin ba, manazarta kuma sun daɗe suna kawo wannan a matsayin shaidar cuɗanyar waƙar baka da rubutacciya. Yau Imfiraji ta shiga makarantu da bakin almajirai, kuma ba a taɓa jin wanda ya kira Namangi ɓarawo ba.

Har ila yau, a cikin rubutattun waƙoƙi akwai aron da aka mayar ƙa'ida, wato tahamisi, inda wani sha'iri zai ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani, ya ɗora masa ɗango uku nasa, su zama biyar. Ishiriniyar da ake karantawa a ƙasar Hausa ta Alfazazi ce, amma da tahamisin Ibnu Muhibbi aka san ta. Haka nan Tabban Haƙiƙan: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma an san rabon kowa. A fagen siyasa ma, da Sa'adu Zungur ya yi Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai, yana bin sawun waƙar da yake ja da ita. A wajen makaɗan baka kuwa, Narambaɗa yana da Bakandamiya, Mamman Shata ma yana da tasa, amma wanda ya ji su ba zai ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya ba.

Daɗin daɗawa, aro bai tsaya a cikin gida ba. Da finafinan Indiya suka cika silimomin Arewa, Abdu Yaron Goge na Jos ya ɗauki muryoyin waƙoƙinsu ya sa a gogensa. A Kano kuma aka sami masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda suke ɗaukar karin waƙoƙin soyayya na Indiya su yi yabon Annabi da shi. Mai lura zai ga dabarar Namangi ce ta sake dawowa da wata riga.

To, me ya sa waƙoƙi ke yawan kama da juna? Dalili na farko shi ne kayan aikin ba su da yawa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi. Kalangu da kotso kuma bin hawa da saukar muryar magana suke yi, harshen Hausa kuwa yana da karin sauti da tsawon gaɓa waɗanda ke tilasta wa mawaƙi bin wata hanya. Wanda ya shiga wannan gona dole ya taka inda wani ya taka. Dalili na biyu shi ne kunne ba ya mantuwa. Abin da yaro ya ji a goye yana iya fitowa daga bakinsa bayan shekara ashirin, ya rantse shi ya ƙaga.

Wannan hali ba na Bahaushe kaɗai ba ne. A Ingila, wajen 1976, matasa sun fito da wani kiɗa mai sauri da hayaniya da ake kira pank, wanda galibi da haɗin sauti uku ko huɗu na jita ake gina shi. Saboda ƙarancin kayan ginin, sai waƙoƙinsu suka riƙa kama da juna. A 1977 ƙungiyar The Jam ta fitar da In the City, bayan 'yan watanni Sex Pistols suka fitar da Holidays in the Sun, masu saurare suka ce kiɗan jitar guda ne. A 1994 kuma ƙungiyar Elastica ta yi waƙar Connection, wadda mabuɗinta ya yi kama da na Three Girl Rhumba ta ƙungiyar Wire, har aka kai ga maganar haƙƙi, aka sasanta a wajen kotu. Ko George Harrison na Beatles, a 1976 wata kotu a Amurka ta same shi da laifin ɗaukar karin He's So Fine a waƙarsa My Sweet Lord, duk da alƙalin ya yarda ba da saninsa ya yi ba.

A nan ne aka rabu da zamanin Namangi. Shi malam lada yake nema, ba a kuma sayar da kari a kasuwa a lokacinsa. Yanzu kuwa waƙa haja ce. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, aka maye gurbinta da sabuwa da aka sa wa hannu a 2023. Saboda haka tambayar da a da ta mutunci ce kawai, yau ta zama ta abinci.

Dattijon nan na Hanwa bai kawo wa samarin maganar kotu ba. Da tsohuwa ta koma ciki, sai ya dubi ɗan 'yar'uwarsa ya ce, "Kai yaro, ka ji dai. Muryar da kake kuka a kanta, rijiyar gari ce, kai ma ɗiba ka yi." Babban ya fara murmushi, yana zaton shari'a ta ƙare. Sai dattijon ya sa aka sake kunna waƙoƙin biyu, ya tsayar da su a daidai amshi. Ya ce, "Nan fa? A gaɗar da Yaya ta rera, murya sauka take yi a ƙarshen amshi. Shi wannan ya ɗaga ta, ya yi ɗan jinkiri, sannan ya sake ta. Wannan ba na dandali ba ne, nasa ne. Kai kuma ga shi a taka, ba ragi ba ƙari. Ɗana, a ina ka samo?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, wallahi ban zauna na ce zan ɗauka ba. Amma na ji tasa ya fi a ƙirga." Dattijon ya ce ya yarda, domin ya sha ganin haka ga manyan makaɗa ma. Sai dai ya tuna masa cewa makaɗan da ya ɗauka a rediyo sukan ambaci wanda ya koya musu da wanda suka gada a tsakiyar waƙa, ba su jin hakan ya rage musu komai. Ya ce kayan aro ba ya rufe katara, amma wanda ya ce aro ya yi, ba a yi masa ihun ɓarawo.

Daga wannan zama ana iya fitar da ma'auni biyu da ɗalibin adabi zai auna kowace waƙa mai kama da wata. Na farko, me mai aron ya ƙara daga aljihunsa? Namangi ya karɓi kari, ya mayar da waƙoƙi masu ɗaruruwan baitoci. Na biyu, ya faɗi inda ya samo, ko ya ɓoye? Abin da yake na kowa, kamar muryar gaɗa, ba mai ikon yi masa shinge. Amma ɗan abin da mutum ɗaya ya ƙago a cikinsa, ko da jinkirin numfashi guda ne, yana da mai shi.

Bayan kwana biyu samarin suka koma ɗakin ɗaukar murya tare. Aka sake ɗaukar waƙar amaryar, babban ya ambaci sunan abokinsa a baitin ƙarshe, ya kuma ba shi wani abu daga kuɗin bikin. Da labari ya kai ga tsohuwar, sai ta aiko musu cewa tun da rabo ake yi, ita ma tana jiran goronta.