Kayan Tafiya Ƙasa Mai Tsarki da Iyali

Yau zancen ɗaurin kaya za mu yi, watau kayan da uwargida take haɗawa in Allah ya kira ta Makka, ita da maigida da yara. Na san abin da ke faruwa. Ran da aka ce sunanki ya fito, sai gida ya cika da masu ba da shawara, kowace kuwa ƙari take yi, ba mai ragewa. Wannan ta ce ki tafi da turmin atamfa shida, waccan ta ce kada ki manta da tukunya. Ni dai ragewa na zo yi miki.

Kakata ta tafi ta ƙasa, tun zamanin Turawa, da mijinta da 'ya'ya uku. Daga Faskari suka taka zuwa Funtuwa, suka shiga jirgin ƙasa zuwa Zariya da Kano, sa'an nan babbar mota ta kai su Maiduguri. Daga nan sai Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, sai Abeshe, har suka shiga Sudan. Inda aka sami mota a hau, inda babu a taka. A Al-Ubayyid suka sake ganin jirgin ƙasa. Da guzuri ya ƙare sai suka tsaya a Jazira, inda aka buɗe manyan gonakin auduga a 1925, suka yi ta tsinkar auduga ana biyansu. Wannan aiki kuwa ba a koya wa mutumin ƙasar Funtuwa. Da kuɗin jirgin ruwa ya taru suka ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda. Shekara huɗu suka yi kafin su komo gida.

To, me kike tsammani ta ɗauka? Zane uku, mayafi, majanyi, tabarma, buta, ƙaramar tukunya, allura da zare, da ƙullin kuka da daddawa. Ƙunshi ɗaya ke nan, ta naɗa gammo ta aza, ga goyo a baya, ga hannu ɗaya a sake don riƙon yaro. Takan ce matan da suka fito da kwalla da fanteka, tun kafin Abeshe suka sayar da su a bakin hanya da araha, suna kuka. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi haji a 1921 ta jirgin ruwa, har ya biya ta Ingila, amma shi sarki ne, yana da masu ɗaukar masa kaya. Ke fa?

Kada ki ce ai yanzu jirgin sama ne, awa biyar an sauka. Jirgi ya rage nisa ne kawai, ɗaukar kaya tana nan a kanki. Daga Sabuwa sai kin bi ta Dandume da Funtuwa kafin ki kai Katsina, a yi sauke a yi lodi. A sansanin alhazai ki yi jira, wani lokaci kwana da kwanaki. A can kuma daga Madina zuwa Makka, daga Makka zuwa Mina, Arfa, Muzdalifa inda ake kwana a fili. Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya haura kilomita 3. A hajin 2024 zafi ya wuce digiri 51 a Makka, mutane fiye da 1,300 suka rasu. A irin wannan rana laima da gorar ruwa sun fi miki leshi goma. Ga kuma sikeli: shekaru da yawa ƙa'idar alhazanmu ita ce babbar jaka kilo 32, ta hannu kilo 8. Ki tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku abin da aka yanke a shekarar tafiyarki, gama abin da ya haura awo a filin jirgi ake barinsa.

Tufafi, kala huɗu sun ishe ki, masu sauƙi, waɗanda in an wanke da dare sun bushe kafin asuba. Yaro ma haka. Takalmi kuwa wanda ƙafarki ta saba da shi. Sabo sai ya yi miki kanta tun ranar farko. Humra da turaren wuta su jira ki a ɗaki, tun da mai harama ba ta shafa ƙamshi. Goro an hana shiga da shi, kada kakar yara ta lallaɓe ki ki cusa mata a cikin zane. Maganin da likita ya rubuta miki, wannan kam ki riƙe, cikin kwalinsa, tare da takardarsa. Fasfo da katin rigakafin shawara da sanƙarau su zauna a ƙaramar jaka a jikinki, ko barci kike.

Duk yaron da ya kai shekara bakwai a rataya masa 'yar jakarsa, da rigarsa da kofinsa, da takarda mai sunansa da na masaukinku. Ku 'yan makaranta, wannan aikinku ne: ku rubuta wa iyayenku jerin abin da ke cikin kowace jaka, ku ƙidaya jakunkunan a duk inda aka sauka.

Ƙidayar nan ba wasa ba ce. A Disamba 2018 an kama wata ɗalibar jami'a daga Kano a Madina, ta je umara da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Ashe wasu ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, cike da ƙwayoyi. Sai Afrilu 2019 aka sake ta, bayan gaskiya ta bayyana. Hukuncin fataucin ƙwaya a Saudiyya kisa ne. Saboda haka ki san yawan jakunkunanku, ki duba 'yan takardun da aka ba ki wajen awo ko sun yi daidai da su. Wanda ya kawo miki ƙulli ya ce ki kai wa ɗan'uwansa a Makka, ki ce ya kwance a gabanki. In ya ƙi, ki ba shi haƙuri, ko da surukinki ne.

Saura tsaraba, wadda ita ce ke karya wuyan mata a komowa. Kunya ce, na sani; ba mai son a ce Hajiya ta dawo hannu biyu. Amma yawancin dardumar da tasbahan nan daga Sin da Turkiyya ake kai su, irinsu kuwa suna nan jibge a Kantin Kwari a Kano. Ki tafi da rabin jaka a wofi domin dabino da 'yan abubuwan yara. Zamzam lita 5 akan raba wa alhazai bayan an sauka gida, ba a yarda ki zuba shi cikin kaya ba.

Kwana uku kafin tashi, ki ɗaure kayan duka, ki goya ƙaramin, ki ɗauka ki zaga tsakar gida sau bakwai da tsakar rana. In kin sauke kafin na bakwai, ki kwance ki sake ragewa.