Kafin in ba ka makullin nan

Zauna tukuna, jikana. An ce jiya wajen kai amarya an gan ka daga Agoro har Ƙofar Doka, ka saki hannu, kana ɗage kan babur, yara na ihu suna ce maka Rossi. Shekara arba'in ina gyaran mashin a Tudun Wadan nan, tun zamanin Vespa da Honda, kafin Jincheng da Bajaj su cika gari, don haka ni ma na san mai sunan.

Valentino Rossi ɗan Italiya ne, an haife shi a 1979. Gado ya yi, mahaifinsa Graziano ɗan tsere ne, lambar 46 ma tasa ce ya ɗauka. Ya shiga gasar duniya a 1996, ya ci kambu sau tara, bai sauka ba sai 2021. Kai kwanar da yake kwantawa kaɗai kake gani a waya. Ba ka lura da rigar fatar da ke jikinsa ba, da hular kwano, da likitocin da ke jira a gefe. Filin tseren nan babu tirela, babu akuya, babu almajiri mai tsallakawa da kwanonsa. Duk da haka a 2010 ya karye a ƙafa a Mugello. A 2011 kuma, a Malesiya, amininsa Marco Simoncelli ya faɗi, babura biyu suka bi ta kansa, ɗaya na Rossi ne, har hularsa ta cire. Simoncelli ya rasu, shekararsa 24.

Mu kuwa, da aka matsa da dokar hular kwano a 2009, har da masu kifa ƙoƙo a ka don 'yan sanda su ƙyale su. Mun sha dariya, har da ni. A shekarar nan wani yaron garejina, wanda ya fi ka iya totur nesa ba kusa ba, ya haɗu da mota a kwana. A kan cinyata aka kai shi asibiti, Allah ya jiƙansa. Har yau idan na hango mahaifiyarsa, sauya hanya nake yi.

Ban hana ka hawa ba, acaba sana'a ce, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma birkin bayanka ya cinye, na duba da safe. Je ka sayo sabo, ka haɗo da hula mai igiya, mu ɗaura tare bayan la'asar. Kafin nan makullin yana aljihuna.