Kafin Ku Ɗora Akwatin Tsohon Mai Hoto a Sikelin Ɗan Gwangwan



Maganata ta yau a kan mutum biyu ce da ke zaune ƙasa ɗaya, kowa na riƙe da maganin ɗan'uwansa, amma ba su san da juna ba. Na farko matashi ne mai son sana'ar hoto. Ya yi tari har ya sayi kyamara ta gwanjo, amma da ya tambayi kuɗin gilashi mai kyau sai gwiwarsa ta yi sanyi. Na biyu magaji ne. Mahaifinsa ko kawunsa ya yi sana'ar hoto zamanin fim, ya tsufa ko ya riga mu gidan gaskiya, ya bar akwatin ƙarfe cike da kaya ƙarƙashin gado, shi kuwa magajin jira yake ɗan gwangwan ya biyo ta ƙofar gida ya auna ya ba shi na goro. Ni mai hoto ne, da tsofaffin gilasai nake cin abinci, shi ya sa nake so in haɗa mutanen nan biyu tun kafin sikeli ya raba su.

Kyamara kashi biyu ce, akwai jiki akwai ido. Idon shi ne gilashin da ke gaba, wanda abokan sana'armu na Damagaram ke kira objektif, na Kano su ce lens. Jikin kyamarar fim kam ya gama aiki a wurinmu, tunda samun fim ɗin ma wahala ne, balle wurin wanki. Amma idon bai mutu ba. Gilashi ne da ƙarfe da ɗan maiƙo, ba batir, ba waya, ba inji a ciki. In bai fashe ba, funfuna ba ta ci shi ba, hasken da ya tara shekara arba'in da suka wuce shi zai tara yau.

To me ya sa aka watsar da su? A 1985 kamfanin Minolta ya fito da kyamarar da ke saita hoto da kanta, ya canza bakin da ake ɗaura gilashi. A 1987 Canon ma ya bi sahu, ya bar tsohon bakinsa mai suna FD ya koma EF. Gilasai masu yawan gaske suka zama marayu, ba don sun lalace ba, sai don ba jikin da zai karɓe su. Haka suka kwanta shekara da shekaru, har aka fara yin kyamarori marasa madubi a ciki. Panasonic ya fara a 2008, Sony ya biyo baya a 2010. Daga nan marayu suka samu gida.

Ga sirrin, kuma wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin karatun. Kun tuna muna yara yadda ake ɗaga gilashin tabarau a rana a ƙona takarda? Sai a tazara guda ɗaya tak haske ke haɗuwa, ka matsa gaba ko baya ya watse. Haka kowane gilashin kyamara yake. An ƙera shi ya tsaya a wata tazara daga inda hoto ke sauka, da fim ne, yanzu sensa. Kowane baki da tasa tazarar:

Nikon F: milimita 46.5
M42, mai murɗi kamar murfin kwalba: 45.46
Pentax K: 45.46
Canon EF: 44
Minolta MD: 43.5
Canon FD: 42
Sony E, marar madubi: 18

Adafta ba wani abu ba ne illa zoben ƙarfe mai rami, da ke cike giɓin da ke tsakanin tazarar gilashi da ta jiki. Ƙa'idar ɗaya ce: lambar gilashi ta fi ta jikin kyamara yawa. Gilashin M42 a kan Sony, a cire 18 daga 45.46, saura 27.46, kaurin zoben ke nan. Shi ya sa marar madubi ke karɓar kusan kowane tsohon gilashi. Canon mai madubi, irin su 600D da 1100D da suka fi yawa a hannun yaranmu, tana karɓar M42 da Nikon da Pentax da siririn zobe. Amma ba ta karɓar FD, duk da sunan Canon ne rubuce a jikinsu duka biyun, domin 42 bai kai 44 ba. Nikon mai madubi kuwa tazararta ta fi ta kowa a jerin nan, saboda haka mai ita ya nemi tsofaffin gilasan Nikon ɗin kawai. Sa'arsa ɗaya, bakin F tun 1959 yake.

Kwanaki wani yaro ya zo mini da gilashin FD, mai tebur ya ce masa ai Canon Canon ce. Na kusa kawai yake iya ɗauka, mutum na yin nisa kaɗan sai ya zama hazo. Akwai zoben da ake sa wa ƙaramin gilashi a ciki don gyara wannan, amma yana rage kyan hoto, kamar ka sayi zuma ka surka ta da ruwa. Na ce masa ya adana shi, ran da ya samu marar madubi zai gode Allah.

Gilashin da na fi ji da shi sunansa Helios-44-2, milimita 58, f/2. Ƙirar Tarayyar Sobiyet ce, shi ake haɗawa da kyamarar Zenit, kuma an kwaikwayo shi ne daga Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An ƙera miliyoyinsa, shi ya sa har gobe yake da araha. Ni a wurin wani dattijo na samu nawa, wanda da yake zagaya kasuwannin ƙasar Magarya a kan keke da baƙin ƙyallensa yana ɗaukar hoto.

Da na ce ina so in saya, dariya ya yi.

"Ɗana, fim ya ƙare. Me za ka yi da mataccen abu?"

"Baba, jikin ne ya mutu. Idon nan da ransa."

Na murɗa shi a zobe, na ɗaura a kyamarata, na miƙa masa. Jikarsa na zaune bakin zaure tana ɓarar gyaɗa. Wallahi ko kallon lambobin bai yi ba, yatsunsa biyu suka juya zoben saiti sau ɗaya, ya danna. Idon yarinyar ya fito tar, dangar da ke bayanta ta narke. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ashe hannu ba ya mantuwa." Na faɗa masa gaskiyar abin da ake sayar da irinsa, na biya shi hakan. Bai kai kuɗin buhun gero ba, amma ya ninka na sikeli nesa ba kusa ba. Ina roƙon abokan sana'a su ma su yi haka. Rashin sanin dattijo ba ya halatta maka dukiyarsa.

Wani zai ce, to gilashin da aka sayar mini tare da kyamara fa, mai 18-55, me ya rasa? Haske ya rasa. In ka ja shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6. Helios kuwa yana buɗewa har f/2, hasken da ke shiga ya ninka wancan sau 8. Wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya da magariba, ba wuta sai ɗan ƙwan sola guda, ya san abin da nake nufi. Da wancan sai ka harba filashi, fuskoki su yi fari fat, kwalliyar da aka wuni ana yi ta tafi a banza. Da wannan, hasken taga ko na bakin ƙofa ya ishe ka, lalle ya fito da launinsa, fata ta fito yadda Allah ya yi ta.

Bayan shi ina da Pentax mai milimita 50, da wani mai 135 da nake tafiya da shi wajen kokawa da hawan sallah, inda ba a matsawa kusa. Akwai kuma Takumar mai 50 f/1.4 da za ku iya cin karo da shi gilashinsa ya yi ruwan ɗorawa. Ba lalacewa ya yi ba. Wani sinadari ne mai suna toriyom da aka sa a wasu daga cikinsu, shi ke canza launi in an daɗe, kuma hasken rana na rage shi. Rana kuwa ba mu da talaucinta.

In za ka saya, kada kunya ta hana ka bincike. Kunna tocilar wayarka, haska ta baya, ka leƙa ta gaba. Ƙura ƴar kaɗan ba ta hana komai, ba tsohon gilashin da ba shi da ita. Abin gudu shi ne fari-farin nan mai kama da saƙar gizo, funfuna ce, in ta daɗe cin fuskar gilashi take yi. Hazo mai kama da tururi shi ma ka yi hattara da shi. Juya zoben saiti daga farko har ƙarshe, ya tafi sumul, ba kakarewa ba sakwarkwacewa. Juya na haske ka ga ƴan fukafukan da ke ciki na buɗewa suna rufewa, kuma a bushe suke, mai bai taɓa su ba. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Sannan in da hali ka tafi da kyamararka da zobenka, ka ɗauki na kusa, ka ɗauki bishiyar gawo can nesa. In na nesa bai fito ba, ajiye masa abinsa.

Bushewar ƙasarmu gata ce ga waɗannan kaya. Gilashin da ya kwana shekara talatin a akwati a nan ya fi samun lafiya a kan wanda ya zauna bakin teku cikin laima. Namu abokan gabar biyu ne: ƙurar hunturu, da damshin watan Agusta. Kada ka canza gilashi a fili iska na kaɗawa, kada ka goge da bakin riga, kuma da damina ka riƙa fito da su suna shan iska.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Wannan gilashi ba ya saita kansa, kai ne injin. Yaro mai gudu, doki a sukuwa, ɗan kokawa lokacin kaye, ba wanda zai tsaya jiranka. Dabarar magabata ita ce ka saita wurin da ka san za su biyo, ka ɗan rufe ƙofar haske zuwa f/8, ka jira su shigo. Marasa madubi na taimakawa, suna zana launi a gefen abin da ya saitu, ta madubi kuwa sai ka buɗe allon baya ka zuƙo hoton ka duba. Sannan a ƙananan kyamarori gilashi na ƙara matsewa, mai 58 sai ya koma kamar mai 87 a Sony. Ya yi daidai da hoton mutum ɗaya ko biyu, amma hoton dangi gaba ɗaya a ƙaramin tsakar gida, nan kam sai ka koma wa 18-55 ɗinka. Kada ka sayar da shi. Kuma kada ka ɗauki aikin bikin mutane da gilashin da ka saya jiya, ka fara da awakin gidanku tukuna.

Duk da haka na zaɓe shi, saboda inda nake zaune. Gilashin zamani in injinsa ya tsaya, wa zai gyara maka a Guci, ko Dungas, ko Magarya? Sai dai a aika Kano, a yi ta jira. Kuma mun ga yadda hanya ke iya yankewa: an rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufewa bayan Yulin 2023 har Maris na 2024. Zobena ma ta hannun direbobin hanyar Maigatari nake aikawa a sayo. Amma zobe sau ɗaya ake saye, ba abin da zai lalace a cikinsa, tsohon gilashi kuwa in ya kakare mai gyaran agogo mai haƙuri na iya buɗe shi ya sa masa maiƙo. Yanzu kowa na da kyamara a aljihu, ba wanda zai biya ka don hoton da wayarsa za ta iya. Abin da wayar ba ta iya ba shi ne jarinka.

Akwai kuma abin da ya fi gilashin daraja a akwatunan nan: baƙaƙen fina-finan da aka wanke, da ragowar hotunan da masu su ba su zo karɓa ba. Malick Sidibé na Bamako mai shagon hoto ne kamar iyayenmu, bukukuwa da matasa yake ɗauka, amma ya adana fina-finansa, har a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a Venice ta ƙasar Italiya. A Yamai ma Philippe Koudjina ya bar mana kamannin matasan shekarun 1960 da 1970. Mu ma muna da namu. A cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadonku wataƙila akwai fuskar kakar wani da bai taɓa ganinta ba, ko kasuwar garinku kafin a yi rumfunan kwano. Ɗan gwangwan ƙarfe yake so, sauran zubarwa zai yi.

Saboda haka mai akwati, kafin ka kira mai sikeli, kira mai hoton da ke kusa da kai ya duba. Karanta abin da aka rubuta a zagayen bakin gilashin, ka ɗauke shi a waya ka tambaya. Kai kuma matashi, kafin ka ci bashi don sabon kaya, je ka gai da tsohon mai hoton garinku, ka tafi da goronka. Wataƙila ka dawo da gilashi, in ma ba ka samu ba, za ka dawo da karatun da ba a sayarwa a kasuwa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'ar kowa.