Cinikin da Bai Faɗa Ba

Mu da muka tsufa a kasuwar Jimeta ba mu cika gardamar siyasa ba. Kowace jam'iyya tana da mai saye a rumfarki, kina buɗe baki kin kori rabin abokan cinikinki. Amma a 2023 kawaicin nan ya gagare mu, domin wadda ta fito neman kujerar gwamnan Adamawa, Aishatu Ɗahiru Ahmed, wato Binani, daga harkar kasuwanci ta fito. Nata ba irin namu na atamfa da leshi ba ne, na manyan injinan ɗab'i ne da kamfanoni. Sai dai duk wadda ta taɓa kwana ido biyu tana lissafin albashin yaranta da bashin da take bin mutane, 'yar gida ce a wurinmu.

Jikokina mata gani suke da ƙuri'a aka haife su. Ni kuwa sai da na haifi 'ya'yana na fara jefa ta. A Jamhuriya ta Farko matan Kudu suna zaɓe, mu na Arewa muna cikin gida muna jin labari a bakin maza. Sai a 1979 muka shiga layin babban zaɓe, lokacin nan jihar Gongola ce, Abubakar Barde na GNPP ya ci gwamna, jam'iyyar Waziri Ibrahim mai siyasa ba da gaba ba. Kafin a kai ga haka Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan wannan haƙƙi. Da bakinta da taurin zuciyarta ta yi siyasa, har ta rasu a 2001 ba ta tara abin duniya ba. Siyasar da ta biyo bayanta kuwa mai cin kuɗi ce. A 2022 fom ɗin takarar gwamna a APC naira miliyan 50 ne. An yi wa mata rangwame, gaskiya ne, amma ai fom shi ne mafi arha a cikin kayan. Ga daliget, ga motoci da man da za su sha daga Madagali zuwa Toungo, ga wakilin da za a tsayar a kowace rumfar zaɓe, ga lauyoyi kafin zaɓe da bayansa. Da yau Gambo za ta dawo, ko ƙofar sakatariyar jam'iyya ba za a buɗe mata ba.

Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, macen da ba ta da jarin kanta, a siyasa ɗaukarta ake yi. Ko miji, ko uba, ko ubangida, wanda ya ɗauke ki kuma shi ke da ikon sauke ki ranar da ya gaji. Shi ya sa yawancin matan jam'iyya ba sa wuce kujerar shugabar mata: ta tara mata ranar gangami, ta raba anko, a yi guɗa, a watse. Na san wannan aiki ciki da waje, don a irin rumfunanmu ake sayen ankon. Shekarun baya wani ɗan takara ya turo shugabar matansa ta ɗebi atamfa bashi a wurina, dila guda ba a kwance ba. Ban san shi ba, ita na sani, saboda idonta na bayar. Aka yi zaɓe ya sha ƙasa, ya daina ɗaukar waya, aka ce ma ya bar gari. Baiwar Allah nan ta zo ta durƙusa a bakin rumfa, ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yan kunnen gwal da aka yi mata tun na aure, ta ce, "Hajiya, ki riƙe wannan, saura kuma ki yi mini haƙuri." Da adashi ta ƙarasa biyana, kaɗan-kaɗan. Ko falle ɗaya ba ta ɗaura ba a cikin atamfar nan.

To Binani ba ta shigo ta wannan ƙofa ba. A 2011 ta ci kujerar majalisar wakilai ta Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei a PDP. A 2019 ta zama sanatar Adamawa ta Tsakiya a APC. Cikin abin da za a tuna ta da shi a can akwai ƙudirin da ta kai na cire wa Jami'ar Modibbo Adama takunkumin koyar da fasaha kaɗai, aka mayar da ita jami'a mai kowane fanni, har da likitanci. Sa'an nan a watan Mayun 2022 aka yi zaɓen fidda gwani na gwamna, ta tsaya da maza, ciki har da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Bindow Jibrilla. Ta sami ƙuri'a 430, Ribadu ya zo na biyu da 288. Babbar kotun tarayya a Yola ta soke zaɓen a watan Oktoba, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo mata da takararta a Nuwamba. Wadda aka ɗauko, a wannan tsakanin za a ce mata ta yi haƙuri ta janye, Allah ya kai mu wani lokaci. Ita ba ta janye ba.

Na ga halin 'yan kasuwa a tafiyarta. 'Yar kasuwar kirki ba ranar da take son sayarwa kawai take gaida abokin ciniki ba. Tana zuwa sunansa da zaman makokinsa, tana yi masa ragi ranar da ya zo hannu sake. An san Binani da rabon abinci da 'yan jari ga mata tun kafin kakar zaɓe ta kama, matan kuma sun riƙe mata wannan. Amma kada in yi ta yabo kamar maroƙiya. Alheri da sayen baki kamarsu ɗaya daga nesa, wani lokaci mai karɓar ma ba ta iya rarrabewa. Kuma kasuwanci yana bin mai shi har cikin rumfar zaɓe. Ana dab da zaɓen gwamna aka ta da maganar cewa kamfanin ɗab'i mai ɗauke da sunanta yana cikin waɗanda hukumar zaɓe ta ba aikin buga takardu. Hukumar ta amsa cewa ta ba kamfanin aiki, amma ta ce ba ta ga sunanta cikin daraktocinsa ba. Ko da doka ta wanke, irin wannan magana tana zama a zuciyar mutane. Da shawara ta kawo wurina, da na ce a bar ribar wannan shekara ta wuce.

Akwai kuma masu cewa mace ba ta shugabanci, wasu malamai suka hau mumbari da maganar, wasu suka ba su amsa. Wannan fagen masu ilimi ne, ba nawa ba. Na dai lura ba wanda ya taɓa zuwa rumfata ya ce in rufe don ni mace ce, kowa kuma ya san Nana Khadija attajira ce mai tura fatake. Da kuɗin makarantar yara, da kayan ɗakin 'yan mata, da cefanen ranar da maigida ya fita bai samo ba, daga ƙullin mata da yawa suke fitowa, ba a kuma jin ƙorafi.

Ranar 18 ga Maris aka yi zaɓe, Gwamna Ahmadu Fintiri ya ba Binani ratar ƙuri'a dubu 31 da ɗoriya, aka ce inkwankulusib, wato zaɓe bai kammala ba. Aka sake a rumfuna 69 ranar Asabar 15 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Washegari da safe, ba a gama tattara sakamako ba, baturen zaɓen da doka ta ɗora wa sanarwa ba ya wurin, sai kwamishinan zaɓe na jiha Hudu Yunusa-Ari ya shigo ya ce Binani ce ta ci, ba tare da ya karanto alƙaluma ba. Nan da nan ta fito a talabijin ta yi jawabin godiya. Kafin rana ta yi nisa hukumar zaɓe daga Abuja ta ce sanarwar ba ta da tushe. Ranar 18 ga wata aka bayyana Fintiri da ƙuri'a 430,861, ita kuma 398,738. Shari'a ta bi hawa-hawa har kotun ƙoli, ta ƙare a Janairun 2024 ba a sauya komai ba.

Wannan jawabin godiya shi ne inda na rabu da ita, duk da ƙuri'ata ita na ba. Ko yarinyar da aka fara ɗora wa talla ta san ba a cinikin biri a sama. Ba kya cewa na sallama sai an ƙirga kuɗi a gabanki, ba kya karɓar kaya daga hannun wanda ba shi ne mai rumfa ba, ko da kuwa kin tabbata naki ne. Magoya bayanta har gobe suna rantsuwa an yi mata ƙwace tun a zagayen farko. Na wancan ɓangare suna cewa ita ce ta so yin ƙwacen. Ban zauna a ɗakin tattara sakamako ba. Amma da ta fito safiyar nan ta ce a dakata a gama ƙidaya, da ko ta faɗi ta tafi da abin da ya fi ƙuri'un da aka ba ta. Matan da suka wuni a layi da ƙishirwar azumi, su aka bari da kunyar amsa tambaya a unguwa.

Har yanzu ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Virginia Etiaba ta riƙe Anambra wata uku daga Nuwamban 2006, amma tsige Gwamna Peter Obi ne ya ba ta, kotu kuma ta mayar da shi. Waɗanda suka fi kusa da samu ta akwati su biyu ne: Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba, wadda kotun zaɓe ta ba nasara a 2015 kotunan sama suka karɓe, sai Binani. Dukansu daga tsohuwar Gongola, wadda aka raba gida biyu a 1991. A ganina ba banza ba. Ƙasa ce ta ƙabilu barkatai, Fulani da Bachama da Mumuye da Jukun da Kilba da Chamba, Musulmi da Kirista, ba wanda ke cin zaɓe da mutanen gidansu kaɗai. Dole ɗan takara ya zauna da kowa, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara. Wannan zaman kuwa matanmu sun daɗe suna yinsa a kasuwannin Mubi da Ganye da Jalingo.