Mulhouse: masaƙar da ta koma gidan tsofaffin motoci

Can gabashin ƙasar Faransa, a yankin Alzas, inda iyakar Jamus da ta Suwis suka haɗu, akwai wani birni mai suna Mulhouse. Daga Paris, jirgin ƙasa mai gudun tsiya yana kai mutum cikin kusan awa 3. Tun ƙarni na 18 aka san garin da saƙa da rini da buga zane a atamfa. Yau yawancin masaƙun sun yi shiru, amma ɗaya daga cikinsu tana karɓar baƙi daga kowace kusurwa ta duniya, domin ita ce ta zama gidan tarihin motoci na ƙasar Faransa.

Mai ziyara yana haye wata ƴar gada bisa ruwa, ya tarar da siffofin motoci rataye a gaban ginin, sannan ya shiga. Gani ya kori ji. Babban zauren ya kai murabba'in mita 17.000, an shimfiɗa masa tsakuwa, an jera fitilu 800 da aka ƙera bisa kamannin na gadar Alexandre III ta birnin Paris. Ƙarƙashin haskensu ɗaruruwan motoci ne ke tsaye sahu-sahu, kowace da allon da ke faɗin sunanta da shekararta. A farkon layi akwai wata keke mai tafiya da tururi ta shekarar 1878, wadda in ba an faɗa ma mutum ba sai ya ɗauka amalanke ce aka ɗora ma tukunya. Bayanta sai motocin Panhard da Peugeot da Benz na ƙarshen ƙarni na 19, masu ƙafafu irin na keken doki.

Sarauniyar gidan ita ce Bugatti Royale. Ettore Bugatti, mutumin Italiya da ya kafa masana'antarsa a garin Molsheim kusa da Strasbourg, ya yi nufin ƙera guda 25 domin sarakunan Turai. Tsawonta ya zarce mita 6, nauyinta wajen tan 3, girman injinta kusan lita 13, kuma bisa hancinta an kafa ɗan gunkin giwa da ƙanensa Rembrandt ya sassaƙa. Sai tattalin arzikin duniya ya karye a shekarar 1929. Guda 6 ne suka wanzu, 3 kaɗai aka sayar a lokacin, kuma babu sarki ko ɗaya cikin masu sayen. Injinan da suka yi saura an ɗora su ga jiragen ƙasa masu ɗaukar fasinja, suka yi ta aiki har 1958. Abin da aka tanadar ma sarakuna, talakawa suka hau.

A wancan zamani attajiri yakan sayi ƙashin mota da injinta, sannan ya kai ma gwanin da zai gina mata jiki yadda ransa ke so, kamar yadda mai babbar mota a Maraɗi ko Damagaram ke kai ta wurin kafinta a gina mata bodin katako. Shi ya sa babu Royale biyu masu kama ɗaya. Wadda ake kira Coupé Napoléon, ta Ettore Bugatti da kansa, direbanta a fili yake zaune, maigida kuwa yana baya cikin ɗaki mai rufin gilashi. Wata kuma, ta wani attajirin tufafi mai suna Armand Esders, an yi ta babu fitilun gaba, don mai ita ya ce shi ba ya tuƙi da dare. Wadda ke Mulhouse ba ta ainihi ba ce, an sake gina ta ne da kayan gyaran Bugatti bisa kamannin ta farko.

To, yaya aka yi wannan dukiya ta taru cikin masaƙa? Labarin wa da ƙane ne, Hans da Fritz Schlumpf, waɗanda aka haifa a Italiya a 1904 da 1906, ubansu ɗan Suwis, uwarsu ƴar Mulhouse. Sun yi arziki da sana'ar zaren ulu, suka mallaki masaƙu da dama, ciki har da ta ƙauyen Malmerspach. A 1957 suka sayi wannan tsohon gini. Daga farkon shekarun 1960 son tsofaffin motoci ya kama Fritz kamar ciwo. A 1963 ya kwashe abin da ya rage a gidan Bugatti, har da Coupé Napoléon. A 1964 ya sayi Bugatti 30 a lokaci guda daga hannun wani Ba'amurke, John Shakespeare, aka yo jigilarsu ta jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Ya ɗauki makanikai da kafintoci da dukawa wajen 40, ya killace su a wani sashe na masaƙar, suna gyara ba tare da izinin faɗin abin da suke gani ba.

Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Yayin da ake goge ƙarfe a wancan sashe, masu kaɗi da saƙa suna fama da ƙaramin albashi, injinan aiki suna tsufa, ga kuma tufafin ƙasashen Asiya masu araha sun cika kasuwa. A 1976 kamfanin ya durƙushe. Ma'aikata suka kewaye gidan ƴan'uwan a Malmerspach, sai da ƴan sanda suka fitar da su, suka tsallaka zuwa birnin Bâle na Suwis. Mutane kusan 2.000 ne abincinsu ya yanke.

Ranar 7 ga Maris 1977, wasu ƴan ƙungiyar ƙwadago ta CFDT suka kutsa cikin ginin. Abin da suka tarar ya ɗaure masu kai: ɗaruruwan motoci suna ƙyalli, an shirya komi tsaf, har da wuraren cin abinci na alfarma. Mutumin da ya shekara 20 gaban injin kaɗi, aka sallame shi hannu wofi, ga shi tsaye gaban motar da kuɗinta ya fi abin da zai samu iyakar rayuwarsa. Mai karatu ya auna abin da zuciya za ta raya masa. Duk da haka ba su cinna ma gidan wuta ba. Suka buɗe ƙofa, suka raɗa masa suna gidan tarihin ma'aikata, shiga kyauta, mai niyya ya jefa taimako a asusu. A jikin motoci suka liƙa takardu masu gwada kuɗin mota da albashin ma'aikaci. Shekara 2 suka riƙe wurin, mutane wajen 800.000 suka zo kallo.

A 1978 gwamnati ta sa motocin cikin kayan tarihin ƙasa, don kada a watsa su ga masu saye na ƙetare. A 1981 wata ƙungiya da ta haɗa hukumar birnin da ta yankin ta saye su kan faran miliyan 44 na Faransa, wato sefa miliyan 2.200 bisa canjin lokacin. Ranar 10 ga Yuli 1982 aka buɗe gidan ga jama'a. Kotu ta sami ƴan'uwan da laifin taɓa dukiyar kamfani, amma daga baya wata kotu ta umarci a maido da sunan Schlumpf bisa gidan, kuma yana nan har yau. Hans ya rasu a 1989, Fritz a 1992.

Mai lura zai ga cewa ba gaban Royale kaɗai ake daɗewa ba. A sashen motocin bayan yaƙin duniya na 2, inda ƙananan Citroën 2CV da Renault 4CV suke, nan tsofaffi ke jan hannun jikoki suna nuna masu irin motar da aka fara saye a gidansu. Royale tana sa mutum ya riƙe baki, amma ƙaramar motar ce ke kwance masa harshe.

Baƙon da ya fito daga Nijar shi ma yana da nasa rabo, da zarar ya ga tambarin zaki. Garin Sochaux, inda aka ƙera Peugeot 404 tun 1960 da 504 tun 1968, bai kai tafiyar awa ɗaya daga Mulhouse ba, kuma a Kaduna an soma harhaɗa Pijo a 1975. Cikin shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa keto hamada da tsofaffin Pijo ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai. Waɗannan motoci ne suka ɗauki amare da alhazai da marasa lafiya, suka yi jigilar buhunan gero da albasa, suka san kowane rami tsakanin Maraɗi da Jibiya, da tsakanin Damagaram da Kano. Babu wanda ya jera masu fitilu. Da suka gaji, aka cire abin cirewa, maƙera suka mayar da sauran ƙarfen hauya da murhu, ko kuwa ƴan gwangwan suka auna a kilo.

A Mulhouse, waɗanda aka zalunta ne suka tsare tarihin wanda ya zalunce su, domin sun gane cewa guminsu ne ke cikin wannan ƙarfe. A tashoshin Nijar kuwa, tarihin yana bakin tsofaffin direbobi da makanikai, kuma kullum raguwa suke. Wata 404 mai tamfol da ke kwance bayan wani gareji, ƙafafunta sun nutse cikin rairayi, ba ta kai kuɗin fitila ɗaya ta Royale ba, amma mutanen da ta ɗauka sun fi ƙarfin ƙirga. Kafin mai sikeli ya iso gare ta, ya kyautu a sami mai ɗora ta bisa duwatsu, ya rufe ta, ya rubuta sunan direbanta da hanyar da ta bi.