Ranar da jirgina ya tada hankalin Bimbilla

A Zangon Bimbilla in ka ce kana neman gidan Masta, sai a tambaye ka wane Masta, domin muna da yawa. Amma in ka ce Masta mai jirgi, ko yaro ɗan shekara biyar zai kama hannunka ya kai ka har ƙofar gidana. Wasu da yabo suke faɗin sunan, wasu da dariya, wasu kuma har yau da guntun fushi a ciki. Waɗannan na ƙarshe suna da hujjarsu, kuma labarin hujjar tasu nake so in ba ku.

Ni haifaffen Salaga ne. Muna yara, da an girbe dawa sai mu tara kara mu ɓare, mu yi mota da tabarau da jirgin sama da totuwarsa. Jirgin bai taɓa tashi ba, sai dai ka riƙe shi ka yi ta gudu kana yi masa kuka da baki. Sai da na zo kwalejin horon malamai ta E.P. a nan Bimbilla na ji daga bakin wani tsohon malaminmu na kimiyya cewa Gana ta taɓa mallakar makarantar koyon tuƙin jirgi mara inji, a Afienya, kusa da Tema. Nkrumah ne ya gayyato wata Bajamushiya, Hanna Reitsch, ta zo a 1962 ta kafa ta, kuma da aka yi juyin mulki a watan Fabrairu na 1966 matar ta bar ƙasar. Ba na yabon halinta, don ta bauta wa Hitila da zuciya ɗaya. Abin da ya maƙale mini a rai shi ne wani jirgi da ta gwada lokacin yaƙin duniya na biyu, mai suna Me 163. Roka ce ke cilla shi sama, man ya ƙare cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya dawo ƙasa shiru yana shawagi kamar shirwa.

Shekaru suka shuɗe, na yi koyarwa a wani ƙauye kusa da Bawku, na yi aure, aka maido ni Bimbilla. Da wayar hannu mai intanet ta shigo hannuna sai na gano ashe akwai mutane a Amurka da Turai waɗanda abin shaƙatawarsu ke nan: su ƙera ɗan ƙaramin jirgi mara inji, su ɗaura masa 'yar roka da ba ta wuce girman yatsa ba, ta harba shi sama cikin daƙiƙa biyu ko uku, daga nan su riƙa tuƙa shi daga ƙasa da rediyo. Rokokin nan da haruffa ake jera su, A, B, C, D, E, kowane harafi ninkin ƙarfin na bayansa. Har gasar duniya ake yi. A wani rukuni ana so jirgi ya yi minti 6 cif a sama, ya kuma sauka daidai inda aka sa alama. Wato aikin wuta na 'yan daƙiƙoƙi ne, sauran duka aikin fiffike ne da iska da hannun matuƙi. Da na yi wa wannan lissafi kyakkyawan duba tun farko, da ban sha kunyar da na sha ba.

Ƙirar jirgin ita ce ta ci mini shekara biyu. Turawa da katakon balsa suke yi, wani itace mara nauyi da ake samu a Kudancin Amurka. Na karanta cewa danginsu ɗaya da riminmu, sai na nemi katakon rimi wajen kafinta na fiƙe shi siriri. Fiffike kuwa na yanka shi daga farin kumfan nan da ake tokare firji da shi cikin kwali, na ƙarfafa shi da tsinken tsohuwar laima, na lulluɓe da salatif. Rediyon da 'yan injunan nan biyu masu motsa wutsiya, na hannu na saya a Kumasi, kuma kuɗinsu ya kusa rabin albashina na wata. Uwargida ta dube ni, ta dubi buhun shinkafa da ya kusa ƙarewa, ba ta ce uffan ba. Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Babban darasin da na koya shi ne ma'auni. In ka ɗora jirgi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajibi ne ya tsaya daidai a wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken daga gaba. In nauyi ya yi baya, sai ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya faɗo. In ya yi gaba da yawa, sai ya nufi ƙasa kamar an jefa gatari. Jirage 4 na fasa kafin in gane haka. Na biyar, da na manna masa tsabar pesewa 50 guda biyu a hanci, na jefa shi daga kan tudu a bayan makaranta, sai ya miƙe sumul ya tsallake filin ƙwallo ɗungum. Yaran ajina suka yi ta ihu har hedimasta ya leƙo.

Saura roka. Nan fa ake yin ta. Babu inda na samu ta saya, ko a Tamale ko a Ankara, kuma ba a yarda fasinja ya shigo da ita jirgin sama ba, balle in roƙi wani ɗan'uwa ya riƙo mini daga waje. Ga shi tun 1999 doka ta hana ko da nokawut ɗin da yara ke fasawa lokacin Kirsimeti. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa sai zuciya ta ce mini ai albarushi albarushi ne, ga maharba da makaɗan bindiga na bukukuwa cike da gari. Na manta, ko in ce na ƙi tunawa, cewa dalilin da ya sa wani mai sayar da takalma a Amurka, Orville Carlisle, ya ƙirƙiro rokar da ake yi a masana'anta a 1954, kuma aka rungume ta, shi ne don kada mai sha'awa ya riƙa haɗa wuta da hannunsa. Tasu an auna ta ta ci a hankali. Abin da na ɗura a bututun takarda kuwa ba roka ba ce, ko da yake haka na kira ta.

Cikin hunturun 2018 ne, da la'asar sakaliya. Lokacin dokar hana fita dare tana kan garin, an kuma hana kowa yawo da makami ko harsashi. Alhamdu lillahi ban tafi da yaro ko ɗaya ba. Na fita bayan gari, na kafa jirgin, na ja da baya, na kunna. Ba tashi ya yi ba, fashewa ya yi. Ƙarar ta daki kunnena har na daina ji na ɗan lokaci, kumfa ya watse kamar audugar rimi, busasshiyar ciyawa ta kama. Iskar hunturu ta ɗauki wutar ta nufi rumfar doyar wani manomi Bananumbe da ita. Da rigata na fara kashewa, sai ga shi da 'ya'yansa da ɗanyun rassa. Allah ya taimaka muka tare ta saura taku kaɗan ta ci doyar shekara guda.

Abin da ya faru a cikin gari sai daga baya na ji. Mata sun kwashe tallarsu, an rufe shaguna, iyaye sun fita neman 'ya'yansu a makarantar allo. Wata tsohuwa a layinmu, wadda ta ga rikicin 1994 da idonta, ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa har bayan isha. Jami'an tsaro suka zo, suka tafi da ni da ragowar fiffiken. Ba su ci mutuncina ba, amma na sha tambayoyi, kuma sai da hedimasta da dattawan Zango biyu suka tsaya mini kafin a sallame ni.

Washegari ɗaya daga cikin dattawan, aminin mahaifina ne tun suna fataucin goro, ya kira ni zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗana, kakanka a Salaga aka binne shi, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "To duk da haka, jiya ba a ce Masta ya fasa abu ba. Cewa aka yi an ji ƙara, kuma ɗan Zango ne. Kai ka yi karatu, mu ba mu yi ba. Amma mu muka san da me aka sayi zaman da kake yi a garin nan. In kana son jirginka ya tashi, nemo masa hanyar da ba za ta sa uwar wani ta shiga ƙarƙashin gado ba."

Na je na ba manomin haƙuri da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya karɓi goron ya maido kuɗin. Wata shida ban taɓa salatif ba.

Wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ce ta maido ni. Ina koya musu dokar Newton ta uku, cewa in ka tura abu baya shi ma zai tura ka gaba, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Masta, dole sai wuta? In ruwa ne ya fita da ƙarfi fa?" Na san da rokar ruwa, na gan ta a waya, amma na raina ta, ina ganin wasan yara ce. Ranar Asabar muka samo kwalbar roba ta lemo mai cin lita ɗaya da rabi, muka zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, muka toshe bakin da toshi mai bawul ɗin tayar keke, muka yi ta buga famfo. Da toshin ya fice, kwalbar ta wuce tsayin bishiyar mangwaron makaranta nesa ba kusa ba, ta jiƙe mu sharkaf. Roka ce ta gaskiya, dokarsu ɗaya da wadda ta ɗaga tauraron GhanaSat-1 na ɗaliban Koforidua a 2017. Ƙararta kuwa ba ta wuce ta buɗe kwalbar lemo da aka girgiza ba.

Goya mata jirgi shi ne aiki. Fiffiken da aka yi don shawagi, in aka cilla shi da gudu, sai ya lanƙwasa tafiyar ya yi alkafura ya dawo kan mai harbi. Dole ka danne hancin da rediyo lokacin hawa, ka sake shi daidai lokacin da kwalba ta rabu da shi. Daƙiƙa ɗaya ce tsakanin daidai da kuskure, kuma yatsun yara sun fi nawa saurin gane ta.

Tun da ruwa ba ya kai mu can ƙololuwa, sai muka koma ga shirwa muna ɗaukar karatu. Da hantsi, in rana ta gasa fili, iska mai ɗumi takan tashi sama kamar hayaƙin da ba a gani. Cikinta shirwa ke kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba. Da ungulu muka fi sani da wannan, amma yanzu sai ka yi mako ba ka ga ɗaya a kan mahauta ba. Mukan zauna a inuwa mu jira, in mun ga shirwa biyu sun fara zagaye a kan filin, sai a buga famfo.

Mafi daɗewar da muka yi a sama minti 2 ne da daƙiƙa 10, ranar wata Asabar a watan Maris, kuma ba ni ke riƙe da rediyon ba, ƙanen yarinyar nan ne. Baba yana wurin, an kawo masa kujera ƙarƙashin mangwaro. Da jirgin ya sauka ya sa aka miƙo masa, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa fiffiken da farce, ya tambaye ni nawa Turawa ke yi. Na ce minti 6. Ya ce, "To saura huɗu, Masta." Fiffiken da muke yankawa yanzu ya fi na da tsawo da taƙi biyu, kuma tsinken laima ya ƙare mana. Duk wanda ke da matacciyar laima a Yendi ko Salaga, ya ba direban motar Bimbilla ya ce a kai wa Masta mai jirgi.