Abin Da Na Gani A Jan Dandali Na Birnin Mosko

 Yau zan ba ku labarin wani dandali da ke tsakiyar Mosko, babban birnin ƙasar Rasha, wanda Allah ya nufe ni da takawa. Ana ce da shi Jan Dandali. Mutane da yawa suna zaton saboda jar tutar 'yan gurguzu aka raɗa masa sunan nan, amma ba haka ba ne. A tsohon harshensu kalmar "ja" ita ce kuma "kyakkyawa", watau dai Kyakkyawan Dandali ake nufi.

Tsawonsa wajen mita 330 ne, faɗinsa kuwa kamar 70, an daɓe shi da ƙananan duwatsu. Saboda haka, 'yar'uwa, in Allah ya kai ki, ki bar takalmi mai tsini a masauki. A gefe guda ga ganuwar fadar Kremlin ta jan bulo, wadda Sarki Ivan na 3 ya ɗauko magina daga Italiya suka gina tsakanin 1485 da 1495. Daura da ita ga makeken kantin GUM mai rufin gilashi, an buɗe shi a 1893. Da ma can asalin wurin kasuwa ce.

A ƙarshen dandalin akwai majami'ar Basil, mai ƙubbobi kamar kawunan albasa, kowace da irin launinta. Sarki Ivan na 4 ya sa aka gina ta daga 1555 zuwa 1561, don murnar cin garin Kazan na Musulmin Tatar a 1552. Na daɗe tsaye ina sha'awar ginin, amma zuciyata tana wajen matan Kazan da aka bari da marayu. Ashe abin da wani ya gina don murna, wata uwa da hawayenta ta biya.

To, ku ji abin da ya fi tsaya mini a rai. Gindin ganuwa akwai ɗakin dutse inda aka ajiye gawar Lenin, wanda ya mutu a 1924. Sa'ad da Stalin ya mutu a 1953, sai aka kwantar da shi kusa da Lenin, aka rubuta sunansa bisa ƙofa. Shekara 8 kawai aka yi, a 1961, mutanensa da kansu suka fitar da shi da dare, suka binne a bayan ɗakin. A zamaninsa ne, a 1936, aka rushe wata ƙaramar majami'a a kusurwar dandalin. A 1993 aka sake gina ta, ga ta nan tsaye. Duniya ke nan, rawar 'yan mata.

Amma akwai wanda sunansa bai gushe ba. Gaban majami'ar Basil akwai mutum-mutumin maza biyu, an kafa shi tun 1818. Ɗaya ɗan sarauta ne, Pozharsky. Ɗayan kuwa, Kuzma Minin, mai sayar da nama ne daga garin Nizhni Nobgorod. Lokacin da sojan Folan suka mamaye Mosko, shi ya roƙi mutanen garinsu kowa ya kawo abin da ya mallaka, aka tara runduna, aka kori baƙin a 1612. Sarauta ta faɗi a 1917, mulkin gurguzu ya faɗi a 1991, mahauci yana nan tsaye.

In kin zaga bayan ganuwa kaɗan, za ki tarad da kabarin sojan da ba a san sunansa ba, da wuta tana ci dare da rana tun 1967. Ranar 7 ga Nuwamba, 1941, soja suka yi fareti a dandalin nan cikin ƙanƙara, daga nan suka zarce bakin dāga, da yawa ba su komo ba. Tarayyar Sobiyet ta yi hasarar mutum wajen miliyan 27 a yaƙin nan. Na ga amare da angwaye suna ajiye furanni a wurin ranar aurensu, na ce a raina, kowane soja ɗan wata ne.

Ke 'yar makaranta, in kina karanta tarihi kada ki tsaya ga sunayen sarakuna kaɗai. Ki riƙa tambaya wa ya ɗauki bulo, wa ya ba da ɗansa. Ke kuma uwargida, kada ki raina sana'ar mijinki ko ta ɗanki don ba ta da rawani. Ki koya wa yaranki amana da taimakon jama'a, gama su ne ke wanzuwa bayan an sauke tuta.

Allah ya sa mu gama lafiya. Sai mako mai zuwa.